Takin da bai shiga tushe ba

Duk wanda ya ratsa gonakin Dauran da damina ya saba ganin manomi rungume da ƙwarya, yana watsa yuriya a kan jigawa, rana na dukanta. Bayan kwana biyu, in ka sunkuya, wani wari mai yaji zai daki hancinka. Kuɗin manomin ne ke tashi sama.

Sinadarin da ke sa gero ya yi kore shar shi ne naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma hatsi ba ya iya ɗebo shi daga can. A 1909 ne Fritz Haber, wani Bajamushe, ya gano dabarar kamo shi, aka samu takin zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Abin takaici, kusan rabin wanda ake zubawa a gonakin duniya ba ya shiga jikin shuka.

Wani ya bi iska, har ya zama tururin da ya ninka hayaƙin kabon kusan sau 270 wajen ɗumama duniya. Wani ya nutse cikin yashi ya tarar da ruwan rijiya, wanda in ya yi yawa yana cutar da jarirai. Sauran kuwa ruwan sama ya kwashe shi zuwa kogunan Bunsuru da Gagare, ya gangara kogin Rima har madatsar Goronyo. A Amurka, takin da kogin Misisifi ke kwasowa yana shaƙe wani yanki na tekun Meziko duk shekara, kifi ya rasa iskar numfashi.

Mu dai ba yawan taki ya dame mu ba. Lokacin taron taki na Abuja a 2006, manomin Afirka kilo 8 kacal yake sa wa hekta, shugabanni suka ƙudurta kai shi 50. Ƙasarmu yunwa take ji. Don haka kowace ƙwaya tana da daraja.

A tona gefen shuka a binne takin lokacin da ƙasa ke da danshi, a raba shi kashi biyu maimakon a juye gaba ɗaya. Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Sadore ta Nijar sun nuna cewa taki cikin murfin kwalbar lemo a kowane rami yana ƙara wa gero albarka. A riƙe gicci: ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne masu jawo naitirojin daga iska kyauta, ga kuma harawa ga dabbobi. A bar gawo ya tsaya, domin yana zubar da ganye da damina ya ciyar da ƙasa, ba ya tare wa hatsi rana. Da irin wannan renon itatuwa manoman Maraɗi suka farfaɗo da gonakinsu tun shekarun 1980.

Akwai kuma takin da rashin tsaro ya raba mu da shi. A da, bayan girbi, makiyayi kan sauka a gona, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona ya ba da damin gero. Ranar da amana ta dawo tsakanin rugga da ƙauye a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, ƙasa ma za ta samu abincinta, rijiyoyinmu su huta.