Kitsen hanta: me itatuwa ke iya yi?

A garuruwanmu ana ɗaukar ƙiba alamar wadata. Amma kitsen da ya taru a tumbi yakan gangara cikin hanta, ya kwanta can shekaru ba tare da ciwo ba. In aka bar shi, hanta na iya kumbura, ta ƙandare, daga ƙarshe ta kasa aiki. Masana sun ƙiyasta kusan mutum 3 cikin manya 10 na duniya na da wannan kitse, galibi masu ƙiba da masu ciwon sukari.

Shin itatuwa na da magani? Sun taɓa bayarwa. Akwai wata ciyawar Turai mai suna galega, wadda aka gano tana rage sukarin jini, amma sinadarinta na da dafi. Da aka bi sawunsa aka samo metformin, wanda likita Jean Sterne ya gwada wa marasa lafiya a Paris a 1957. Yau shi ne magani na farko ga yawancin masu ciwon sukari. Yana ɗan rage nauyi, amma ba ya kawar da kitsen hanta. Ana kuma binciken silimarin da barbarin, har da yakuwa da zogalenmu. Sakamakon bai kai a ce an samu waraka ba.

Ganye kuma na iya yin ɓarna. Tsakanin 1990 da 1992, mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro dangin duman dutse. A 2003 Faransa ta janye Exolise, maganin ƙiba da aka tatso daga koren shayi, don ya taɓa hantar wasu. Saboda haka sayen kwalbar "wankin hanta" a kasuwa ko tasha, ba awo ba suna, sayen biri a sama ne.

Abin da aka tabbatar shi ne: wanda ya rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, hantarsa na sauƙi. Mai kilo 90 ya zubar da 6 zuwa 9 sannu a hankali. A rage sukari a shayi da ruwan yakuwa, a rage soye-soye, a guji giya, a yawaita wake da ganye da tafiyar ƙasa. Mai shan sassaƙe kuwa ya gaya wa likita, kada ya ɓoye.