Rinin Likitoci: Abin Da Kaluluwar Biri Ta Tona

Duk wanda ya taɓa ganin dukawan Sakkwato suna rina fatar jar akuya da karan dafi ya san rini ba ya zaɓe, inda ya taɓa nan yake kamawa. To, likitoci suna da wani rini wanda ba haka yake ba. Shi sai abin da aka aike shi gare shi yake kamawa.

Ga asalinsa. In cuta ta shiga jiki, jini yakan ƙera waɗansu 'yan mitsi-mitsin dogarai, kowanne da irin ɓarawon da ya sani. A 1941 wani likitan Amurka, Albert Coons, ya yi dabarar liƙa wa dogaran nan launi mai walƙiya. Sai a yanko tsoka, wadda ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, a zuba mata su, a wanke, a duba a madubin likita. Inda launi ya tsaya, nan abin nema yake.

Da kanjamau ta bayyana aka juya ga birai, domin suna da tasu ƙwayar, danginta. Abin mamaki, kirka, birin nan na dazuzzukanmu, yana yawo da ita lafiya lau, amma in irinta ta shiga waɗansu biran Asiya takan kashe su. A 1998 Ronald Veazey da abokan aikinsa suka duba hanjin biran Asiyan da aka sa wa ƙwayar, suka tarar cikin 'yan makonni ta cinye yawancin wani nau'i na ƙwayoyin garkuwar da ke wurin, alhali jini bai nuna wata ɓarna mai yawa ba. Ashe gara ce, ta ciki take ci.

Daga baya aka rina kaluluwar biran da ake ba magani. Jininsu ya yi tas, amma ga ƙwayar nan maƙale a lungunan kaluluwa, ta yi likimo.

Wannan ya shafi mai karɓar magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In an ce ba a ga ƙwayar a jininsa ba, ba warkewa ake nufi ba, danne ta aka yi. In ya daina sha, galibi cikin 'yan makonni za ta sake fitowa.