Daɓen Kankare Don Ajiye Babbar Mota a Gida

'Yan'uwa fatake, da yawa daga cikinmu yanzu suna da motar kansu ta ɗauko shanu daga Ngaundere, kuma kowa ya fi son ta kwana a ƙofar gidansa a New Bell maimakon tasha. To, daɓen tsakar gida ba ya ɗaukar gingimari. Damina ɗaya ta isa ta farfasa shi.

Dalili kuwa shi ne ƙasar Duwala. Yashi ce da taɓo, ruwa yana kusa da sama, ga ruwan sama da kan haura milimita 3,500 a shekara. Saboda haka aikin ƙasa ya fi na siminti muhimmanci. A kwashe baƙar ƙasa duka, a zuba marmara ko tsakuwa kamar santimita 20, a daddaɓe sosai da inji. Kafin nan a binciki inda ramin masai yake, har da tsohon da aka binne, don gidajen unguwarmu a matse suke. Mota mai nauyi a kan rami, sai dai Allah ya kiyaye.

Kaurin kankaren kansa kada ya gaza santimita 20. Buhun siminti ɗaya, na Cimencam ne ko na Dangote, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Fili mai faɗin mita 4 da tsawon mita 12 zai ci wajen buhu 67. In birkila ya ce 40 sun isa, ka san yashi zai ba ka. A saƙa rodi mai milimita 10 ko 12, tazarar santimita 20, a ɗaga shi ya zauna a cikin kankaren, ba a kwance a ƙasa ba. Yashin Sanaga ya fi; wanda aka ɗebo kusa da bakin teku yana da gishiri, yana sa rodi tsatsa. Kada a cika ruwa wajen kwaɓi don leburori su ji sauƙi.

A karkatar da daɓen santimita 2 a kowace mita zuwa lambatu, a yanka tsaga bayan kowace mita 4. Amma fa kashin shanu a kwashe shi tukuna kafin a wanke mota, don kada lambatu ya toshe, maƙwabta su kai ƙara.

Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin aikin. A yi ta yayyafa ruwa kwana 7, mota kuma ta haƙura sai an cika kwana 28.