Hattara Da Kofi Da Cokali Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Yanzu ba baƙon labari ba ne a ce wane ko wance ta tafi Indiya, Masar ko Turkiyya an yi mata tiyatar rage ƙiba. Bayan 'yan kwanaki sai a dawo gida, likitan da ya yi aikin ya yi nisa, jinya ta koma hannun dangi. To, a nan ne nake jin tsoro, domin abin da muka saba yi wa mara lafiya don ƙauna shi ne zai iya mayar da mai wannan jinya gadon asibiti.

A aikin da aka fi yi, ana yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin mutum a fitar, a bar siririn bututu mai dogon ɗinki. A ɗaya aikin kuma, ana ware 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta da hanji. Ko wanne aka yi, a makonnin farko wurin a kumbure yake, jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi kuma an taɓa su. Mutum zai ci gaba da haɗiya bai ji komai ba, sai can nauyi ya tokare masa ƙahon zuci, amai ya biyo baya. Saboda haka kada a jira jin ƙoshi irin na da. A auna abin da likita ya ce a ƙaramin kofi, idan ya ƙare a ajiye cokali. Wasu sabuwar alamar ƙoshinsu ita ce shaƙuwa, wasu atishawa ko yoyon hanci. Duk wadda ta zo, an gama ci ke nan, ko da loma ɗaya ce ta rage.

Amma babban abin da ke kwantar da masu wannan jinya ba abinci ba ne, ƙarancin ruwa ne. Yana cikin manyan dalilan da ke sa a sake ba su gado bayan sallama. Jiki na buƙatar lita 1.5 zuwa 2 a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, ga shi ciki ba ya karɓar fiye da kurɓi ɗaya a lokaci guda. Wanda ya saba dawowa daga rana ya kwankwaɗi moɗa guda ya yi hamdala, yanzu wannan ƙofar ta rufe. Idan ya yi sake har ƙishirwa ta kama shi, ba shi da hanyar ramawa. Ku ɗora wannan a kan zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni kan haura 40, ku ga yadda yini ɗaya na sakaci zai yi ɓarna. Gorar ruwa ta zauna a hannu tun asuba, ana kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan mintuna, da ƙishirwa ko babu. Kuma ba a haɗa ci da sha: idan an ci, a jira minti 30 kafin a kai kofi baki. Mai jinya ya riƙa lura da fitsari. Idan ya yi ja, ya ragu, ga bushewar baki da jiri idan an miƙe, ruwa ya yi ƙasa.

Sai 'yan dubiya, Allah Ya saka musu. Ga kular farfesu, ga katan ɗin lemon kwalba, ga gwaggo tana cewa, "Haba 'yar nan, daure ki ci tuwon nan ki ji ƙarfin jikinki." Kada kunya ta sa a karɓa. Tsarin da likitoci ke bi mataki-mataki ne: abu mai ruwa zalla na kimanin mako biyu, sai abin da aka markaɗa ya yi lilis, sai mai laushi, ba a komawa abinci sosai sai wajen mako shida zuwa takwas. Lomar tuwo ko tsokar nama kafin lokacinta tana iya tsayawa a hanya ta takura ɗinkin da bai warke ba. Lemo mai gas yana kumbura ciki. Kayan zaƙi kuwa, irin kunu ko zoɓo ko furar da aka zabga wa sukari, suna iya zarcewa hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 mutum ya jiƙe da zufa, zuciya ta kama dukan uku-uku, ga murɗar ciki da gudawa. Ɗan wurin da ya rage a cikin nan na abinci mai gina jiki ne: madara, kindirmo marar sukari, daga baya ƙwai da kifi.

Akwai kuskure biyu da ake yi a kyamis. Na farko, sayen maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke iya haddasa gyambo a sabon ciki. Na biyu ya fi muni. Mai yawan amai yana ƙarar da bitamin B1 da ke jikinsa cikin mako biyu zuwa uku, kuma idan aka kira mai kyamis gida ya ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari ba tare da wannan bitamin ba, gyaran gangar Abzinawa aka yi, domin ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Ruɗewa, tangaɗi wajen tafiya ko gani bibbiyu ba aikin iska ba ne, na asibiti ne a ranar. Masu shan maganin ciwon sukari ko hawan jini su ma likita ya sake duba musu adadin, kuma maganar azumi a watannin farko a kai ta gabansa kafin a ɗauki niyya.

Idan bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya kuma ya ƙi sauka, ko zazzaɓi ya zo da ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi yana sarƙewa, ana iya zargin ɗinki ya yi yoyo. Haka kuma idan ko ruwa ya ƙi zama a ciki tsawon yini. Kada a ce bari gari ya waye, kada a tsaya jiran amsar likitan waje ta WhatsApp. A ɗauki takardun tiyatar, a nufi babban asibiti mafi kusa, a faɗa musu tun daga bakin ƙofa irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi.