Me Ya Sa Ƙaramin Kare Ke Wuyar Koyon Inda Zai Yi Fitsari?

A gidajenmu na gargajiya ba a san wannan matsala ba. Kare na waje ne, ko na mafarauci, ko na makiyayi, ko mai kwana a bakin zaure yana gadi. In fitsari ya matse shi ya zaga bayan danga, ba wanda ya koya masa, ba wanda ya damu. Zaman birni ne ya zo da sabon abu. A Abuja da Kaduna da Jos, a gidajen sama da gidajen da aka malale tsakar gidansu da siminti ko tayil, yanzu ana ganin ƙananan karnuka masu yawan gashi, irin su Lhasa Apso da waɗanda 'yan kasuwa ke kira Eskimo, suna kai da komo tsakanin falo da baranda. Sau da yawa ma ba mai karen ne ke shan wahalar ba, yaron gida ne ko maigadi aka bar wa wanki da guga. Kuma kukan kowa ɗaya ne: an fita da shi ya gama yawonsa bai yi komai ba, ana shigowa ya tsuguna a kan kafet. An yi tsawa, an yi duka, an dangwara masa hanci a cikin abin da ya yi, gobe ya maimaita. Sai a yanke hukunci cewa kare ne mai taurin kai.

Wane kare ya halatta a ajiye, wane ne bai halatta ba, malamai sun yi bayani, kuma ba shi ne a gabanmu ba. Abin da ke gabanmu shi ne dabbar da ta riga ta shigo hannun mutum, haƙƙinta ya rataya a wuyansa, ana kuma jibgar ta a kan laifin da ba ta san ta aikata ba. Ga batun tsarki kuma. Ko a mazhabar Malikiyya da ke ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin mai tsarki, fitsarinsa najasa ne, don haka gidan da ake shimfiɗa darduma a yi salla ba zai ɗauki maganar da wasa ba.

Masu kukan suna da gaskiya ta gefe ɗaya: ƙananan karnuka sun fi manya wuyar sha'ani a nan. A shekarar 2020 wasu likitocin dabbobi uku a Amurka, Amy Learn da Lisa Radosta da Amy Pike, suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu karnuka 735. Cikin manyan karnuka masu nauyin kilo 18 zuwa sama, kashi 95 cikin ɗari sun ƙware, ba sa ɓata cikin gida. Cikin ƙananan da ba su wuce kilo 9 ba kuwa, kusan kashi 67 ne kawai. Tazarar na da yawa, sai dai ba taurin kan karen ne dalili ba.

Dalili na farko jikinsa ne. Ƙaramar dabba tana ƙona abinci da sauri in aka auna da nauyinta, mafitsararta kuma ƙarama ce, ba ta jimawa ta cika. Na biyu girman wuri. Kare yana ƙyamar ɓata inda yake kwana da inda yake ci, amma wannan ƙyamar ba ta rufe gida gaba ɗaya ba sai an koya masa. Ga karen da bai fi kilo 4 ba, bayan kujerar falo ko ɗakin baƙin da ba a cika shiga ba wuri ne mai nisa da makwancinsa, a wurinsa ya riga ya fita waje. Na uku kuma, wanda ya fi sauran nauyi, mu ne. In babban kare ya yi fitsari a falo, duk gidan sai ya sani, ranar za a tashi tsaye. Na ƙarami kuwa cokali kaɗan ne, kafet ya shanye, ba a gani ba sai bayan mako guda zarni ya tashi. Kafin nan ya yi sau da yawa a wurin, kowane yi kuma darasi ne da ke ce masa nan ne wurin. Wani bincike da Christine Arhant da abokan aikinta suka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2010, a kan amsoshin masu karnuka 1,276, ya nuna masu ƙananan karnuka sun fi saɓa dokar da suka kafa da kansu, yau a hana gobe a ƙyale, kuma sun fi ƙarancin ba karen lokacin horo da wasa.

Akwai kuma abin da ya faru tun kafin kwikwiyon ya iso gidan. A makonninsa na farko ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta lashe shi. Wajen mako 3 yake fara rarrafowa daga makwanci ya yi a gefe. Zuwa mako 8 ko 9 ya fara sabawa da irin abin da yake ji a ƙarƙashin tafinsa lokacin da yake yi, ƙasa ce, ciyawa ce, siminti ne ko tsumma, kuma wannan sabon yana bin sa har girma. Kwikwiyon da ya yi waɗannan makonni a kejin mai sayarwa a bakin titi, yana kwana yana kashi a wuri guda don ba shi da zaɓi, an riga an lalata masa ƙyamar da aka halicce shi da ita. Wanda aka raina a kan tsumma ko kwali kuma, in ya taka kafet sai ya ji ya zo inda ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan ko ya fara bushewa ana iya gyarawa, lokaci kawai zai ƙara ci.

Yanzu ga duka, inda na fi so mai karatu ya tsaya. Tun 1898 Edward Thorndike ya nuna, da kyanwoyin da yake sakawa a akwati su nemi hanyar fita, cewa dabba tana maimaita abin da ya jawo mata daɗi, tana barin abin da bai jawo ba. Waɗanda suka biyo bayansa suka gano sharaɗin da ke ciki: sakamakon ya biyo aikin nan take, cikin daƙiƙoƙi. In ka dawo daga kasuwa ka tarar da fitsarin da aka yi tun hantsi ka ɗauki tsumagiya, karen ba shi da hanyar haɗa dukan la'asar da tsugunon hantsi. Abin da zai haɗa shi ne dawowarka da zafin jiki.

Za ka ce, ai ya sani, ina shigowa yake sunkuyar da kai, ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard da ke New York ta gwada wannan a 2009 da karnuka 14. Mai kare zai hana karensa cin wani abinci ya fita daga ɗakin. A bayansa wani lokaci a ba karen ya ci, wani lokaci a ɗauke. In ya dawo, wani sa'in a faɗa masa gaskiya, wani sa'in a faɗa masa akasinta. Sai aka ga sunkuyar da kan ba ta bin ko karen ya ci ko bai ci ba, faɗan mai shi take bi. Karnukan da ba su taɓa abincin ba aka yi musu faɗa a banza, su ne ma suka fi nuna wannan kamar ta mai laifi. Tsoro ne da neman sulhu, ba nadama ba.

In kuma an kama shi yana cikin yi aka make shi, ya koyi darasi, amma ba wanda ake so ba. Ya koyi cewa tsugunawa a gaban mutum haɗari ne. Wannan shi ne bayanin abin da ya fi ƙona wa masu karnuka rai: a fita da shi, ana tsaye a kansa ana jira, ya matse ya ƙi yi saboda ga mai dukan nan a kusa, ana komawa ciki ya sulale bayan labule inda ba ido. Binciken Biyana ya ƙara da cewa yawan hukunci ya fi tafiya tare da tsoro da firgita a ƙananan karnuka fiye da manya. Abin tausayi ne ƙwarai, dabbar da tsawonta bai kai gwiwar mutum ba a tsaya a kanta da sanda.

Horon da ke aiki ba shi da wani asiri, naci yake so. A koma farko kamar yau aka kawo karen, ko da ya shekara 3. A zaɓi wuri guda a waje, a riƙa kai shi can da igiya a wuya, yana takawa da ƙafarsa, ba a ɗauke shi a hannu ba, don ya san hanyar ƙofa. Lokutan sanannu ne: yana tashi daga barci, bayan ya ci da kamar minti 15 zuwa 30, bayan wasa, da kafin a kwanta. Masu horarwa suna da ƙiyasin da suke bi ga kwikwiyo, a ƙirga watanninsa a ƙara ɗaya, shi ne iyakar awoyin da zai iya riƙewa, ɗan wata 2 awa 3 ke nan, ga ƙaramin iri kuwa gara a rage. In an isa wurin a tsaya shiru, ba wasa, ba hira. Yana gamawa, a nan inda yake, a yaba masa a miƙa masa ɗan guntun nama. Ba sai an koma kicin ba, domin in an jira, ladan shiga gida aka ba shi. In minti 5 ya wuce bai yi ba, a mayar da shi ƙaramin wurinsa, bayan kwata a sake fitowa. Mafarautanmu sun san wannan tun da daɗewa, karen da ya kamo ana jefa masa rabonsa a dajin, ba a bari sai an dawo gari.

Tsakanin fita da fita, ko dai yana gaban idon wani, ko yana cikin keji ko ɗan killataccen wurin da zai iya miƙewa ya juya ya kwanta. In ya fara shinshina ƙasa yana zagaye, lokaci ya yi. In an gan shi ya fara a ciki, a tafa hannu a hankali a fita da shi ya ƙarasa a waje, a ba shi ladansa. Kejin ba kurkuku ba ne. Wanda ya kulle kare tun safe har magariba ya tilasta masa kwanciya a cikin ƙazantarsa, ya rushe abin da yake ginawa. Kada kuma a hana shi ruwa don a rage fitsari, balle a zafin Maris da Afrilu. Da damina a sama masa wuri mai rumfa, domin karen da cikinsa ke kusa da ƙasa ba ya son jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma a nan ne da yawa suke koma wa falo.

A gidan da mutane suke da yawa, abin da ke kashe horo shi ne kowa da dokarsa. Uwargida ta killace, yara su buɗe, maigadi ya fitar da shi ƙarfe 6 yau, gobe ƙarfe 9. Sai an zauna an raba aikin, an tsayar da lokacin abinci sau biyu ko uku a rana maimakon barin kwano a cike, domin abin da ya shiga a kan lokaci a kan lokaci yake fita.

Wanki ma da nasa ilimin. Hancin mutum yana da ƙwayoyin jin wari kusan miliyan 6, na kare ya haura miliyan 200. Wurin da ka goge ka fesa turare ka ji fes, shi har yanzu yana jin alamar da ke kiransa. Sabulun da ke da sinadarin amoniya ya fi komai ɓarna, don fitsari in ya kwana amoniya yake fitarwa. Abin da ake so shi ne maganin wanki mai sinadarin enzayim, wanda ke narkar da ragowar fitsarin. In ba a samu ba, garin sabulun wanki mai enzayim a ruwan ɗumi yana taimakawa. Kafet ɗin da ya sha da yawa, a naɗe shi a ajiye sai horo ya kankama.

Ba kowane fitsari ne na matsuwa ba. Namijin da ya balaga yana ɗaga ƙafa ya ɗiga kaɗan a jikin ƙafar tebur ko labule don ya bar shaidarsa, musamman in akwai karya mai neman barbara a unguwa. Betty McGuire ta Jami'ar Cornell ta auna a 2018 ta ga ƙananan maza sun fi manya ɗaga ƙafa sama, har alamar tasu ta nuna kamar sun fi girmansu na ainihi. Dandaƙa tana rage wannan a karnuka da dama. Akwai kuma kwikwiyon da ke sakin fitsari in an sunkuyo kansa ko baƙo ya shigo, wannan tsoro ne ko ɗoki, faɗa ƙara shi yake yi. Karen da ya daɗe da ƙwarewa kuma ya dawo yana ɓatawa, ko yana yawan tsugunawa yana ɗigo kaɗan kaɗan, ko da jini, ko yana shan ruwa fiye da kima, wannan na likitan dabbobi ne. Ciwon mafitsara, tsakuwa, ciwon suga da ciwon ƙoda duk da haka suke fara bayyana.

Wurin da aka ware masa a waje kuma a riƙa kwashe kashin da ke cikinsa kullum. Yawancin kwikwiyoyi da tsutsar ciki mai suna Toxocara ake haihuwarsu, daga mahaifa suke ɗaukowa. Ƙwanta yana fita a kashi, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya iya kama mutum, kuma yaran da ke wasan ƙasa suna kai hannu baki su ne a gaba, tsutsar tana iya taɓa hanta ko ido. Kashin da aka kwashe a ranar bai kai ga haka ba. Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana mako 2, allurar haukan kare kuma in ya cika wata 3, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take haɗawa.