Kennedy: Sunan Da Ya Hau Mulkin Amurka, Asalinsa "Mummunan Kai"

Da an ce Kennedy, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne mulki da dukiya da farin jini. Shugaban Amurka na 35 ya amsa sunan, babban filin jirgin saman birnin New York ma shi aka raɗa masa. Amma idan aka bi sawun sunan zuwa tsibirin Ayalan, inda aka yanke masa cibiya, za a tarar asalinsa ya fi kama da tsokana.

A harshen Gelik na mutanen Ayalan, cikakken sunan shi ne Ó Cinnéide. Harafin Ó na farko yana nufin jika ko zuriya, kamar yadda Mac ke nufin ɗan wane. Cinnéide kuwa kalmomi biyu ne aka haɗa. Ta farko, ceann, ita ce kai. Ta biyun ce masana suka rabu a kanta: da yawa sun ce éidigh ce, wato mummuna, wasu kuma suka danganta ta da éide, wato kayan yaƙi. Ke nan ko dai "jikan mai mummunan kai", ko "jikan mai kwalkwali". Ba sai an faɗa muku wadda 'yan gidan suka fi so ba.

Ko ma wace ce daidai, manyan mutane ne suka fara amsa shi. Cennétig mac Lorcáin, wanda ya rasu a 951, shugaban dangin Dál gCais ne a yankin da yanzu ake kira Clare. Shi ya haifi Brian Boru, shahararren sarkin da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Zuriyar Brian ce ta zama O'Brien. Su kuwa 'yan Kennedy, daga ɗan ɗan'uwan Brian suka fito, wanda ya ci sunan kakansa. A daidai wannan zamani mutanen Ayalan suka fara gadar da sunan kaka ga 'ya'ya da jikoki, tun kafin yawancin ƙasashen Turai su soma.

Da farko dangin na zaune ne kusa da garin Killaloe. Daga baya suka ƙetare kogin Shannon zuwa Ormond, a arewacin Tipperary, inda suka yi sarauta shekaru ɗaruruwa. Da suka yi yawa sai gidan ya rabu uku, kowane da launinsa: Fionn fari, Donn ruwan ƙasa, Ruadh ja. Akwai wasu 'yan Kennedy ɗin a Ayrshire ta ƙasar Sukotlan, amma tushensu dabam ne. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya.

To ina Ó ɗin ya shiga? Mulkin Ingila ne ya ci shi. A ƙarni na 17 aka ƙwace filayen yawancin tsofaffin gidajen sarautar Ayalan, Turanci ya zama harshen kotu da haraji. Malaman rajista suna rubuta suna yadda kunnensu ya jiye musu, talaka kuma ya ga sunan da ya yi kama da na Ingila ya fi buɗe ƙofa. Haka iyalai masu yawa suka yar da Ó da Mac. Bayan kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a 1893 domin farfaɗo da harshen, wasu dangogi sun maido da nasu. Yawancin 'yan Kennedy ba su maido ba.

Yunwa ce ta kai sunan ƙetaren teku. Daga 1845 cuta ta afka wa dankalin Turawa, abincin talakan Ayalan. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. Cikinsu har da wani saurayi, Patrick Kennedy, daga ƙauyen Dunganstown a Wexford. Ya sauka Boston a 1849, ya kama sana'ar haɗa gangunan katako, ya rasu a 1858. Matarsa Bridget Murphy ta riƙe marayun da aikin ƙarfi, daga baya ta buɗe ɗan kanti.

Ɗansu ya zama ɗan majalisar jihar Massachusetts. Jikansu Joseph ya zama jakadan Amurka a Landan a 1938, wato a fadar ƙasar da ta mulki kakanninsa. Tattaɓa-kunnensu John ya ci zaɓen 1960. A watan Yunin 1963 ya ziyarci Dunganstown, ya sha shayi da danginsa a tsakar gidan da Patrick ya baro. Wata 5 bayan haka aka harbe shi a Dallas, ranar 22 ga Nuwamba, ranar da ta zo daidai da ranar rasuwar Patrick shekara 105 baya.

A Ayalan har gobe akwai masu rubuta sunan a sigarsa ta asali, kuma yana sauyawa gwargwadon mai amsa shi. Namiji Ó Cinnéide ne, 'yarsa Ní Chinnéide, matarsa kuma Uí Chinnéide. Da jin sunan ka san matsayin kowa a gidan, abin da sigar Turanci ta shafe.

Shekara 1,000 ke nan wani laƙabi da aka yi wa mutum ɗaya yana bin zuriya, ya sha sarauta, ya sha yunwa, ya rasa harafinsa na farko, bai ɓata ba. Ku fa, sunan da ke biye da na 'ya'yanku a takardar makaranta, na wane ne, kuma me ya sa aka kira shi haka? Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gida, a tambaya tun suna nan.