Tsakanin Wayarmu da Rumbun Bayanai, Wa Ke Yin Aikin?

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon WAEC ko JAMB a waya, ko a shagon intanet a nan Sakkwato, ya yi hulɗa da abubuwa uku. Na farko shafin da yake gani. Na ƙarshe rumbun bayanai, inda ake adana sunaye da makin ɗalibai. A tsakaninsu akwai manhajar tsakiya, wadda ke karɓar lambar jarrabawa, ta tantance ta, sannan ta ɗauko amsa. Kamar yaron shago ce a Babbar Kasuwa: mai saye ba ya shiga sito, yaron ake aika.

Yaren da manhajar ke amfani da shi wajen tambayar rumbu shi ne SQL. An ƙirƙiro shi a kamfanin IBM na Amurka a shekarun 1970, aka tsayar da ƙa'idojinsa a 1986, kuma har yau ana ƙara masa sababbin dabaru. To, shin dabarun nan suna sauƙaƙa wa masu rubuta manhajar tsakiya aiki?

Mu ɗauki fitar da na ɗaya da na biyu a aji. A da, hanya mafi sauƙi ita ce manhaja ta kwaso makin kowa, ta jera da kanta. Ƙa'idar 2003 ta kawo umarnin RANK, wanda ke sa rumbun ya jera ya miƙo amsa a shirye. Ta 2016 kuma ta shigo da JSON, tsarin da manhajojin waya ke musayar bayanai da shi, don haka aikin juya bayanai daga wannan siffa zuwa waccan ya ragu. Zirga-zirga ta ragu, rubutu ya ragu, kuskure ma ya ragu.

Sai dai akwai hattara. Ranar da sakamako ya fito, jama'a ke yin cincirindo a shafin. Ana iya ƙara kwamfutocin tsakiya cikin sauƙi, amma faɗaɗa rumbu yana da wuya da tsada. Idan aka jibga masa duk aiki, shi zai fara durƙushewa. Haka nan, dabarun da Oracle ya ƙara wa yaren sun bambanta da na Microsoft, saboda haka wanda ya dogara da na kamfani ɗaya zai sha wahala ranar da ya so sauya sheƙa.

A ganinmu, lissafi da tace bayanai aikin rumbu ne. Dokokin da ke canzawa, kamar makin da ake buƙata don samun gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su zauna a tsakiya inda gyara ke da sauƙi.

Ga mai son koyo, SQLite kyauta ne, kuma yana cikin wayoyin Android. Ku tambayi malamin kwamfuta, ku fara da jera makin ajinku.